Gadon Bakin Taga

Inna Yelwa ta miƙe a kan tabarma, ta saki jikinta, ta ce su juya ta.

Matan suka tsaya a kanta suna ƙunshe dariya. Khairiyya ce ta durƙusa ta kama kafaɗarta ta ja.

"Ba haka ba, Malama. Hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya a kafaɗa. A hankali, mara lafiya ko'ina ciwo yake masa."

Khairiyya ta sake gwadawa. Wannan karon tsohuwar ta juyu ba wahala, don ba ta da wani nauyi.

Inna Yelwa, kamar yadda kowa yake kiranta, kifi take soyawa a bakin gadar Wudil tun Khairiyya na firamare. Aure ne ya kawo ta garin, mijin ya rasu, ita kuma ta ci gaba da zama a ɗakinta na haya. Bayan saukar damina ta sami Khairiyya a gida, da yake ita Khairiyyar tana aiki a ɗakin karatu na jami'a kuma matan unguwa suna jin maganarta. So take a kafa ƙungiyar mata masu jinyar waɗanda aka kwantar a asibiti ba su da kowa. Nas tana da marasa lafiya cike da ɗaki, in ji ta, za ta ba da magani ta wuce gado na gaba. Wa zai ɗaga mutum ya sha ruwa? Wa zai kai shi bayan gida?

Khairiyya ta karɓi maganar hannu biyu. Ta buɗe zaure a waya, ta sa aka ɗinka hijabai kala ɗaya, ta tsara ziyarar Juma'a. Ranar farko sun shiga ɗakin mata na asibitin da lemo da sabulu, aka yi addu'a, aka ɗauki hotuna. Inna Yelwa ba ta shiga hoton ba. Tana zaune a benci tana mai da numfashi.

"Sabulun da kuka ajiye mata, wa zai yi mata wanka da shi?" Abin da ta tambaya kenan a hanyar komawa.

Ita abin da take so daban ne. Kowace mace ta ɗauki rabin yini a mako, ta zauna a bakin gado ɗaya, wata ta karɓe ta. Ta koya musu canza zanin gado mutum yana kai, da ba da kunu da cokali, da yadda ake sa fo ba tare da an kunyata mai shi ba. Ta daina suyar kifin ma, wai hayaƙi ya ishe ta, ga aikin ƙungiya. Kullum cikin gaggawa take, a gama koyo kafin azumi.

Ziyarar Juma'a ta ci gaba da cika. Zaman jinyar ne ya ƙi. Mijin Fiddausi ya ce ba da matarsa ba. Rabi ta je sau ɗaya, ta wanke amai, ta kwana biyu ba ta ci abinci ba. Matan da ke zuwa daga Dagumawa girbi ya ɗauke su. Khairiyya ta yi lallashi, ta yi fushi, ta tura saƙonni har ta gaji. Ana gani, ba a amsawa.

Taron ƙarshe su biyu ne a tsakar gida.

"Inna, a haƙura haka. Mutane ba za su iya ba."

Tsohuwar ta dube ta. "Ke fa, Malama?"

"Ga aiki, ga yara. Ni kaɗai ina zan kai?"

"Haka ne. Allah Ya yi miki albarka." Ta dafa bango ta tashi.

Daga ranar Khairiyya ta daina bi ta layin su Inna Yelwa. Kunya take ji.

Ana cikin azumi, wata hantsi, wata nas ta kira Khairiyya. Akwai wata mata a gadon bakin taga, Mas'uda sunanta, da ƙafarta ta kawo kanta, yanzu ko juyawa ba ta iya yi, har bayanta ya fara saɓulewa. Ba wanda ya leƙo ta. An tambaye ta dangi ta ce babu. An ce za a kira ƙungiya ta ce kada a dami kowa.

Khairiyya ba ta san wata Mas'uda ba. Ta fara da kiran Inna Yelwa, don ita kaɗai ce ba ta taɓa cewa a'a ba. Wayar ta yi ta ringin ba a ɗauka ba. Ta kira Rabi, ta ce tana aikin buɗa baki. Fiddausi ta ce sai ta tambaya. Sauran ba su ɗaga ba. Ta zauna a tsakanin kantocin littattafai da waya a hannu, ba ta san wa kuma za ta nema ba. Har haushin tsohuwar ta ji: ita ta tayar da wannan magana, ga ranar ta zo, ta yi fushi ta ƙi ɗaukar waya.

Bayan la'asar ta hau adaidaita ita kaɗai, da kunu a fulas.

Daga ƙofar ɗakin ta hango gadon. Matar ta ba da baya, an rufe ta har ka, kofin ruwa yana kan durowa inda hannunta ba zai kai ba. Khairiyya ta tsaya a bakin ƙofar. Abin da aka koya mata a kan tabarma duk ya gudu daga kanta. Ta ciro waya ta sake gwada lambar Inna Yelwa, ko ba za ta zo ba, ta gaya mata ta inda ake farawa.

A ƙarƙashin matashin gadon bakin taga, wayar Inna Yelwa ta fara ƙara.