Zuciyar Saniya a Hannun Mahauci

Tunda ka ce yaran gidanka sun fi sakin jiki da ƙaninka, alhali kai kake aiko da komai, gyara zama in ba ka wani misali.

An yi wani mafarauci wanda bakinsa ya fi ƙafarsa sauri. Yana da kare guda ɗaya, ramamme, idan ya tsaya a rana kana iya ƙirga haƙarƙarinsa daga ƙofar gida. Shekara uku ana fita farautar gayya, karen nan ko gafiya bai taɓa kamawa ba, har abokan farauta suka laƙaba masa Ɗan Rakiya. Abin ya ci wa mutumin rai ƙwarai. Wata rana tsiya ta ishe shi, ya miƙe a gaban Sarkin Dawa ya ce bana karensa ne zai kama zomon farko, in kuwa bai kama ba, ya rataye barandaminsa ya bar farauta har abada. Da ya huce ya gane ya ɗebo ruwan dafa kansa, sai ya ja kare zuwa wurin malamin dabbobi. Malamin ya duba baki, ya shafa ciki, ya ce ba wata cuta sai yunwa, ƙanzo da ruwan wanke tukunya ba sa gina kare. Ya ce a riƙa ba shi yanka ɗaya na zuciyar saniya, kamar faɗin yatsu uku, sau biyu a mako, a kan tuwon da ya saba ci, kada a wuce haka a ɓata masa ciki.

Mutumin ya sayo zuciya ya shigo da ita gida a ƙunshe. Matarsa ta buɗe, ta tambaya ko baƙi za a yi, ya ce a'a, ta kare ce. Da yamma dai miyar kuka ta fito da nama, kare ya samu ƙanzonsa. Karo na biyu ya ɓoye a rumbu, ta gano. Ni ban ga laifinta ba, macen da ta shekara ashirin tana miya da daddawa zalla hancinta ba ya kuskure. Sai ya yi dabarar da yake gani ta fi ta kowa. Ya shirya da wani mahauci, duk ranar kasuwa zai biya, shi kuwa mahauci ya yanka ya jefa wa kare a bayan rumfa. Kuma saboda kunyar a ce ga mai saya wa kare nama, sai mafarauci ya riƙa tsayawa can gindin tsamiya yana kallon sama, kamar bai taɓa ganin dabbar ba. Mahaucin mutum ne mai fara'a, yakan yi fito, ya ƙwanƙwasa wuƙa a kan kututture, sannan ya jefa. Kafin wata biyu kare ya daina jiran rakiya, shi kaɗai yake kai kansa. Maganar malamin dabbobi kuwa ta tabbata: haƙarƙari ya ɓace, gashi ya kwanta yana sheƙi, ƙirji ya buɗe. Mafarauci yakan zauna yana kallonsa yana yaba wa kansa wayo.

Ranar farauta aka buga ganga, aka shiga daji. Hantsi bai dubi ludayi ba zomo ya tashi. Ɗan Rakiya ya fita kamar kibiya, ya wuce karnukan ƙauye uku, ya cafke shi a bakin rami. Mafarauci ya daka tsalle, ya fara yi wa kansa kirari, ya zare wuƙa yana kira. Kare ya juyo ya dube shi sau ɗaya, irin kallon da ake yi wa maƙwabci, sannan ya miƙe hanyar gari da zomo a baki. Ashe ranar kasuwa ce. Mutumin ya bi shi da gudu, takalmi ɗaya ya tsinke, jama'ar farauta suka biyo baya suna tuntsira dariya. Ko da ya iso yana haki, ya tarar kare ya ajiye zomo a gaban mahauci yana kaɗa wutsiya, mahauci kuwa ya riga ya yi bismilla ya yanka tun da sauran rai.

Aka tsaya gardama. Sarkin Dawa ya ce lalle wannan kare ne ya kama zomon farko, kowa shaida ne, saura a san karen wane ne. Ya ce kowa ya kira a gani. Mafarauci ya kira har muryarsa ta dushe, ya tafa, ya durƙusa, ya yi lallashin da bai taɓa yi wa matarsa ba. Mahauci kuwa wuƙa kawai ya ƙwanƙwasa a kan kututture, kare ya zo ya kwanta a kan ƙafarsa. Dariyar mutane ba ta yi wa mafarauci ciwo kamar wannan kwanciyar ba, domin shi ya raini karen nan tun bai buɗe ido ba. Ya koma gida shi kaɗai da takalmi ɗaya a hannu. Shi ya biya, amma kare hannun da ya miƙa ya sani. Da ma Hausawa sun faɗa: inda baki ya karkata, nan yawu kan zuba.