Ƙofar Makaranta Ta Manta Fuskata

"Umma, me ya sa ƙofa ba ta gane ki ba?" 'Yata Nasiba ce ke tambaya daga cikin makaranta.

A sabuwar doka, ƙofa mai na'urar gane fuska ba ta sakin yaro sai ta gane fuskar iyayensa. Ina karɓar allurar sankarar mama likita ya hana a cire min haƙori. Da ciwo ya ishe ni na je wajen wanzami a ɓoye, daga nan ƙashin muƙamuƙina ya fara ruɓewa, kamannina suka canza.

Na sauke mayafi a gaban iyayen yara. Ƙofa ba ta motsa ba.

"Baiwar Allah, matsa gefe," in ji maigadi.

Nasiba tana ciki har la'asar, sai da babanta ya zo.

Ke da ake yi wa allurar nan, kada ki bari a taɓa haƙorinki ba da sanin likita ba.