Ni Nar Rubuta Shi

Tun da aka kafa dokar, ba mai sayar da rubutu sai da shaidar cewa mutum ne ya yi shi. Shi ya sa na iso ofishin tantancewa a Kano, na rungume labarina na farko, na soyayya, wanda mujalla ke jira kafin la'asar.

Jami'in, Malam Sidi, ya ɗora takardun kan wata 'yar na'ura. Ta kunna jar wuta.

"Malama Kuluwa, Hausar nan ta cika tsabta. Ko ƙugiyar harafi ɗaya ba ki manta ba. Aikin inji ne."

Wata uku na yi ina goge Sakkwatancina layi-layi, don kada a yi mini dariya. Ban san lokacin da harshen gida ya kuɓuce mini ba.

"Wallahi Malam ni nar rubuta shi! Mi kuka so in yi, in hiddo muku zucciyata?"

Wutar ta koma koriya. Ya buga hatimi.

Ina bakin ƙofa na ji na'urar tana maimaitawa a hankali, da muryata sak: "Ni nar rubuta shi."

Matar da ke bayana a layi, ita ma Basakkwata ce, ga shi yanzu inji ya koyi harshenmu.