Mamatan da Suka Ce Suna Tafe

Kai da kake cewa ware wurin gwaji ɓata lokaci ne, gyara zama ka ji. An yi wani mai rubuta manhajar kwamfuta, gwani ne ba laifi, sai dai gaggawa kamar an biyo shi. Wani asibiti ya ba shi aikin gina shafin intanet na neman jini. In mara lafiya na bukata, nas ta shigar da bayanin, umarnin da ya rubuta a can cikin saba, wato na'urar da ke ɗauke da shafin, ya yi ta tura saƙo ga masu ba da jini. Da zarar isassu sun amsa, sai ya daina nema. To, aiki irin wannan sai an gwada. Abokiyar aikinsa ta ce ya keɓe wurin gwaji daban, ya rarraba rubutun gunduwa-gunduwa kowanne da sunansa, ya kuma bar na'ura ta riƙa kuka in ta ci karo da kuskure. Gogan naka ya ce shi ba ɗan koyo ba ne. A kan shafin gaske ya yi gwajinsa. Da ya gaji da ƙirƙiro sunaye, sai ya kwaso na mamatan unguwarsu, wai su ba sa kai ƙara: Baba Ilu maƙeri, Iya Tabawa mai ƙosai, Malam Barau ladan da aka binne tun yana firamare. Ya rubuta cewa jininsu irin mai wuyar samu ne, ya sa su riƙa amsawa da kansu, "Ga ni nan tafe." Jan rubutun gargaɗi ya ishe shi, ya toshe masa baki, ya zama kome ya faru allon kwamfuta ya ce lafiya lau. Ya ce gobe zai share su. Goben malalaci kuwa ka san ba ta wayewa.

Wata rana da la'asar matarsa ta haihu a asibitin nan, jini ya ɓalle mata. Jininta irin mai wuyar nan ne, nasa bai yi daidai ba. Yana tsaye a baranda yana ta salati, nas ta fito da fara'arta ta ce, "Kwantar da hankalinka, Malam, bayin Allah sun amsa, suna hanya." Ta shiga karanto masa sunaye. Tana cewa Ilu maƙeri, ya gane sunan, don da kafaɗarsa aka ɗauki makarar tsohon. Nan ya gane na'ura ta samu isassu, ta daina kiran masu rai. Ya ce wa nas mutanen nan duk sun mutu, ta dube shi da tausayi, ta ɗauka ruɗewa ce. Ya zube a ƙasa ya buɗe kwamfutarsa. Wayyo, rubutun nasa ya cukurkuɗe kamar zaren da kaji suka tona, shi da ya rubuta ya kasa gane kai da gindi. Ya taɓa nan, allo ya ce lafiya lau. Ya goge Tabawa, Barau ya amsa. Ya goge Barau, wata kakarsa da ya manta ya saka ta ce ga ta nan tafe. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, ya rasa ko mamata nawa ya tara a ciki. 'Yan'uwa suka bazama gari neman jini da ƙafa, shi kuwa yana ta laluben layin da ke amsawa. Ko da ya gano shi, matar tasa ta cika, an riga an ja mata mayafi. Aka miƙo masa jaririya, ya karɓa. Can a teburin nas allo na nan a kunne, yana nuna mutum ɗaya ya rage a hanya, ya kusa isowa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.