Mahauci da Mai Kalangunsa

Duk wanda ya zo yana hura hanci wai jama'a na ƙaunarsa, a tambaye shi wace iri. Akwai ƙaunar da ake yi wa ɗa, akwai wadda ake yi wa ragon layya. Ga misali.

An yi wani mahauci a wani gari, ɗan dambe tun yana saurayi. In ya naɗe hannun dama da zare, ya miƙa na hagu ya yi garkuwa, sai maza su tuna sun bar uzuri a gida. Garin ba su da abin tinƙaho sai shi. Tsofaffi ba su da hira sai ta ranar da ya kai zakaran mutanen hayi ƙasa tun a turmin farko. Yana da mai kalangu guda, tare suka tashi, kwano ɗaya suka ci tuwo, shi ne ma ya ƙaga masa take. Kowa kuwa ya san al'ada: in an kaɗa wa ɗan dambe takensa a bainar jama'a, ba ya zama. Ko tsoka yake yanka sai ya ajiye wuƙa. In ya zauna, har jikokinsa sai an yi musu gori.

Da shekaru suka taru, wani tsohon naushi ya tashi da aikinsa. Idon hagu ya yi ta dushewa har ya mutu murus, ga shi a buɗe kamar lafiyayye. Idon hagu kuwa shi ne na wajen garkuwa, shi ke gadin ɗan dambe. Mahaucin bai gaya wa kowa ba sai matarsa da mai kalangun nan. Ya kwance zarensa ya jefa cikin rumbu, ya koma kan teburin namansa, yana ci da iyalinsa da ido ɗaya da Allah ya bar masa.

Ana nan, bayan kaka, sai ga wani dogon saurayi baƙo ya sauka, mai duka da hannu da ƙafa. Kafin la'asar ta yi sanyi ya zubar da samarin garin kamar karan dawa. Gari ya ɗauki zafi. Ranar kasuwa suka yi dafifi a rumfar mahaucin, ƙattin banza waɗanda ko mari ba su taɓa sha ba, kowa da bakinsa: "Namijin duniya, kana zaune ana taka mu?" Ya ce, "Na kwance zare. Tsoka kuke so ko hanta?" Da suka ga ba ya motsi, sai suka nufi gidan mai kalangu. Shi kuwa tun da abokinsa ya bar dambe kalangunsa ke rataye, ba mai gayyatarsa ko bikin suna. Ya san zancen idon. Ya sani sarai! Amma ya sauke kalangun ya karkaɗe, ya zo ya tsaya gaban teburin, ya matse shi a hammata ya saki taken.

Mahaucin ya ji kiɗan ya shiga ta tafin ƙafarsa ya hau har ƙeya. Ya dubi abokinsa da idon da ke gani, ya ce, "Har da kai?" Mai kalangu ya kau da kai, bai fasa ba. Mata sun bar awo, duk ido na kansa. Ya ajiye wuƙa, ya aika a ɗauko zare daga rumbu.

A turmin farko ya sami baƙon da naushi ɗaya wanda ya sa fage ya ɗauki ihu. Yaron ya yi tangaɗi amma bai faɗi ba, kuma ba wawa ba ne. Ya lura tsohon yana juyo da fuskarsa gaba ɗaya, kamar kaza mai leƙen shaho. A turmi na biyu sai ya yi ta zagawa hagun tsohon, hagu, har ya shige inda duhun yake. Mahaucin bai ga ƙafar ba, haƙarƙarinsa ne ya ba shi labari. Garkuwa ta sauka, dunƙulen zare ya sauka a kan idon dama. Duniya ta ɗauke. Yana durƙushe, bakinsa cike da ƙasa, kunnensa kaɗai ke aiki, ya ji kalangu bai ma tsaya ba. Sauya kiɗa kawai ya yi, yana laluben sabon take ga baƙon. Ya kuwa san hannun da ke kaɗawa. Waɗanda suka zuga shi suna can sun ɗaga baƙon sama. Matarsa ce ta ratsa maza tana tsine musu, ta kama hannun da ke naɗe da zare, ta ja shi gida.

Yanzu yana zaune a gefen rumfa, wani ke riƙe da wuƙarsa, shi sai dai ya shafa ya bambance tsoka da kitse. Marasa kunyar nan kuwa sukan tsaya su dafa kafaɗarsa: "Kai, ranar nan mun ga dambe! Wallahi har gobe kai ne namu." Ba ƙarya suke yi ba, suna sonsa. Shi ma yana son ragunan da ya kiwata da hannunsa, yana ba su dusa yana sosa musu wuya, ranar kasuwa kuma ya kwantar da su. Ai mahauci ya kamata ya riga kowa sani: sabo da kaza ba ya hana yanka ta.