Wurin da Ba Kowa Ake Nuna wa Ba

"Baba, ina ne ya fi daɗin yawo a ƙauyen nan?"

Baƙi goma ne daga Tokyo suke tambayar wani tsoho, sun kwana a masaukin maƙwabcinsa, kowa ya ɗaura faffaɗan takalmin taka dusar ƙanƙara, sabo fil. Tsohon ya dubi dusar da ta kwana tana zuba har ta kai ƙugu, ya shafa gwiwarsa da ta kumbura tun shekaranjiya.

Ya ce, "Akwai wani wuri a kan tudun can, ba kowa nake nuna wa ba. Amma ku jeru ɗaya bayan ɗaya, kowa ya danna ƙafa sosai. Haka muke yi a nan."

Suka jeru suna dannawa, suna haki, suna ɗaukar hoto. Shi kuwa ya biyo baya da sandarsa da wani ɗan ƙulli, a kan hanya sumul kamar an daɓe ta.

A kan tudun babu komai sai ɗan gidan da dusa ta tsare kwana uku. Wata tsohuwa ta leƙo ta taga.

Ya miƙa mata ƙullin. "Yaya, ga maganinki."

Ta dube shi, ta dubi baƙin. "Tun kana yaro, in layin taka dusar ƙanƙara a buɗe hanya ya zo kanka, sai ka nemo mai yi maka. Bana har goma? Ku shigo, 'ya'yana, miya na kan wuta. Shi ya tsaya waje ya kalli wurin."