Tari a Bayan Taga

Kafin ta kunna wutar narka gilashi a sabon ɗakin aikinta, sai da ta shafa ruwan sabulu a tiyon gas. Ko kumfa ɗaya babu. Ta tayar da fankar taga, ta ƙona 'yar takarda don ganin inda hayaƙi zai bi. Ya fice salin-alin.

Sai ta ji tari a waje.

Ta leƙa. Mahaifiyarta ce, wadda ta rantse ba ruwanta da wannan sana'a, zaune daidai ƙarƙashin fankar.

"Inna, duk hayaƙin da nake gudu nan yake fita! Me kike yi?"

"Shan iska," in ji tsohuwar, tana tura bokitin ruwan da ta tanada don gobara bayan kujera da ƙafa.